Hans Berger: Likitan da ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam

An haifi Hans Berger ranar 21 ga Mayu, 1873, a garin Neuses da ke kusa da Coburg a ƙasar Jamus. Da farko ilimin taurari ya so ya karanta, amma wani hatsari ya sauya masa alƙibla. Yana aikin soja, doki ya kayar da shi a gaban keken da ke jan igwa, ya tsallake rijiya da baya. A wannan rana 'yar'uwarsa, wadda ke nesa, ta ji gabanta yana faɗuwa, har ta sa mahaifinsu ya aika masa saƙon waya. Berger ya gaskata cewa tsoronsa ne ya isa gare ta, don haka ya koma karatun likita domin gano yadda tunani ke tasowa daga ƙwaƙwalwa.

Ya kammala a Jami'ar Jena a 1897, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na jami'ar ƙarƙashin Otto Binswanger, wanda ya gada a 1919. A zamanin, likita ba ya iya ganin abin da ƙwaƙwalwar majinyaci ke ciki sai bayan ya rasu an buɗe ta. Tun 1875 Richard Caton na Ingila ya nuna akwai lantarki a ƙwaƙwalwar zomaye da birai, amma babu wanda ya auna shi a jikin mutum.

Ranar 6 ga Yuli, 1924, Berger ya ɗauki awon farko a kan wani matashi ɗan shekara 17 da aka yi wa tiyata a kai. Saboda tsananin taka-tsantsan, bai wallafa sakamakon ba sai 1929. Ya bayyana wata igiyar lantarki mai kaɗawa kusan sau 10 a daƙiƙa idan mutum ya rufe ido yana hutawa, wadda ke dushewa da zarar ya buɗe. Ita ake kira alfa. Masana sun yi ta shakka, har sai da Edgar Adrian da Brian Matthews suka tabbatar da binciken a Kambirij a 1934.

Tarihinsa na da tabo. A mulkin Nazi ya zauna a kotunan da ke yanke hukuncin hana masu taɓin hankali haihuwa ta hanyar tilas, wato irin mutanen da aka ba shi amanarsu. Ya yi ritaya a 1938, kuma cikin matsanancin baƙin ciki ya kashe kansa ranar 1 ga Yuni, 1941.

Awon da ya ƙirƙiro, EEG, ya fi amfanar masu farfaɗiya, domin cutar na barin alama bayyananna. Sikizofireniya kuwa har yau ba a tantance ta da shi kaɗai. A 1976 Eve Johnstone da abokan aikinta sun nuna da hoton CT cewa kogunan ruwan ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a wasu masu cutar. Yanzu masu bincike na haɗa EEG da hoton MRI, suna kwatanta raunin amsar lantarki da ƙanƙancewar wasu sassan ƙwaƙwalwa a majinyaci guda. Wannan ita ce tambayar da Berger ya fara bi a Jena.