Ignatius na Loyola: Sojan Da Ya Ajiye Takobi Bai Ajiye Harshen Bariki Ba

Da yawa daga cikin masu karatu sun san makarantar Loyola da ke Abuja, amma kaɗan ne suka san mutumin da ake jingina sunan gare shi. Ni kuwa abin da ya ja hankalina gare shi, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne yadda kalmomin fagen fama suka bi shi har cikin ɗakin ibada.

An haifi Ignatius a 1491 a yankin Bask na arewacin Sifen, ya kuma tashi bafade mai son ado da suna. A watan Mayun 1521 harsashin igwar Faransawa ya ragargaza masa ƙafa a yaƙin Pamplona. Da ƙashin ya ɗoru a karkace, sai ya sa aka datse inda ya turo, ba tare da maganin kashe zafi ba, don kawai takalmin ƙawa ya zauna masa daidai. A wannan jinya ya nemi littattafan jarumta bai samu ba, sai na rayuwar Almasihu da tarihin waliyyan Kirista. A 1522 ya rataye takobinsa a Montserrat, ya shiga halwa ta kusan shekara guda a Manresa.

Daga wannan halwa littafinsa mafi shahara ya samo asali, wanda aka buga a 1548. Sunansa ma na soja ne, domin ma'anarsa atisayen ruhi. An tsara shi mako huɗu, da lokutan yi wa kai hisabi kullum, kuma a ciki akwai darasin da mai ibada zai sawwala rundunoni biyu, kowace da tutarta, ya zaɓi wadda zai bi.

Yana da shekara 33 ya zauna cikin yara a Barcelona yana koyon nahawun Latin, abin da manyanmu da yawa za su ji kunyar yi. Daga baya ya wuce Faris, inda ya tara abokan da suka kafa ƙungiyar Jesuit. Fafaroma Paul na Uku ya amince da ita a 1540, a 1541 kuma aka zaɓe shi shugabanta da laƙabin janar. A nan ake yawan kuskure. Kalmar a Latin tana nufin shugaba na bai-ɗaya ne, ba muƙamin soja ba. Ignatius bai taɓa zama janar na yaƙi ba.

Sai dai tarihin rayuwarsa, wanda ya yi wa wani almajirinsa shifta tsakanin 1553 da 1555, ya yi tarayya da na janar na gaske a abu guda. Julius Kaisar, a labarin yaƙe-yaƙensa na ƙasar Gaul, ya riƙa ambaton kansa da lamirin mutum na uku, kamar wani ne daban. Haka Ignatius ya yi, yana kiran kansa maziyarci. A ganina dabarar ɗaya ce, niyyar ta bambanta: Kaisar ya yi ne don yabon kansa ya zama tamkar shaidar wani, shi kuwa don ya rage wa kansa girma.

Biyayyar nan irin ta bariki da ya shimfiɗa ta ba ƙungiyar ƙarfi, ta kuma jawo mata zargin sarakunan Turai, har aka rushe ta a 1773, kafin a maido da ita a 1814. Shi dai ya rasu a Rum ranar 31 ga Yulin 1556, ya bar mabiya kimanin 1,000.