Baba ta Karo: Tsohuwar da ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba

A wannan makon zan kawo muku tarihin wata mata wadda ba sarauniya ba ce, ba 'yar boko ba ce, ko sunanta ma ba ta iya rubutawa ba. Amma yau duk jami'ar da ake nazarin rayuwar Hausawa, daga Kano har Landan, sai ka ji an ambace ta. Sunanta Baba, mutuniyar Karo. Ni dai daga nan Madekali nake rubutu, a ƙaramar hukumar Malanville ta Jamhuriyar Benin, kuma abin da ya ja ni ga labarinta tambaya ce guda: idan mutum ya tsufa, ƙarfi ya ƙare, wa zai riƙe shi?

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, can kan iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau. Asalin danginta Barebari ne da suka taso daga Barno, suka zauna har suka zama Hausawa. Mahaifinta, Tsoho, manomi ne kuma malamin allo, mahaifiyarta kuwa Fatsuma. Gidansu ba na matsiyata ba ne, suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma. Ta tashi a zamanin da mahara ke kama mutane a gona ko a kan hanya su kai kasuwa, dangi su yi ta tara kuɗin fansa. Tana budurwar mace lokacin da Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Ta ga yadda bayi suka riƙa watsewa daga rinji bayan dokar Turawa, gidajen da suka saba ci da gumin wasu suka koma riƙe fartanya da hannunsu. Ta kuma rayu cikin babbar yunwar 1914 da ta girgiza ƙasar Hausa.

Aure huɗu ta yi. Na farko auren zumunta ne da ɗan'uwanta Duma, wanda ta yarda da shi don kada ta kunyata iyaye, alhali zuciyarta na wurin wani. Da auren ya mutu sai ta auri wanda take so ɗin, Malam Maigari, suka daɗe tare. Daga baya ta auri Malam Hasan, sannan a ƙarshe Ibrahim. Wannan na ƙarshen irin auren nan ne da ake kira ɗauki-sandanka, wasu su ce auren takalmi: matar tana zaune inda take, mijin ne ke zuwa. A duk aurarrakin nan Allah bai ba ta haihuwa ba.

To, mai karatu, ka san abin da wannan ke nufi a ƙasarmu. Ba fansho, ba asusun banki, ba gidan gwamnati na tsofaffi. 'Ya'ya su ne rumbun tsufa. Macen da ba ta haihu ba, ana ganin kamar ta shiga damina ba ta da iri. Amma Baba ba ta ƙare a wulaƙance ba. Ta tsufa a garin Giwa cikin mutane, ana girmama ta, ana neman shawararta, har ta rasu a 1951.

Yadda aka yi duniya ta san ta kuwa, ga shi. A 1949 wani masanin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, ya zo ƙasar Zazzau binciken tattalin arzikin Hausawa. Namiji ne, ba shi da hanyar shiga cikin gida wurin matan kulle. Matarsa, Mary Smith, ita ce ta koyi Hausa ta shiga. A Giwa ta haɗu da Baba, jininsu ya haɗu. Daga Nuwamban 1949 zuwa Janairun 1950 tsohuwar tana ba da labari, Baturiyar tana rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta. An buga fassarar Ingilishi a Landan a 1954, shekara 3 bayan rasuwar Baba, ba ta ga littafin ba. Sai a shekarun 1990 aka fito da asalin Hausar da sunan Labarin Baba.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, tsohuwar ta zayyana dukkan igiyoyin da ke riƙe da mutum daga haihuwa zuwa kabari. Ta yi bayanin riƙo, yadda ake ɗaukar yaro bayan yaye a ba gwaggo ko inna ko kaka, musamman wadda ba ta da nata. Ita ma ta haka ta samu 'ya'ya, ta raine su, ta aurar, suka zama nata. Ta yi bayanin kunyar ɗan fari, wadda ke sa kakanni su karɓe shi. Ta faɗi yadda ƙawance yake tsakanin mata biyu sa'o'in juna, da yaya da ƙanwar rana, da kuma biki, inda abin da ka kai wa mutum yau zai dawo maka da ƙari ranar taka hidimar. Idan ka duba da kyau, ai inshora ce, sai dai ba takarda, ba ofis. Ajiyarka tana hannun mutane.

Kada kuma a ɗauka ta ce komai lafiya lau ne. Labarin cike yake da mutuwar jarirai, da auren dole, da kishi, da mata masu gudu daga gidan miji, da neman magani wurin malamai da 'yan bori. Ta kwatanta jego dalla-dalla: wankan tafasasshen ruwa, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Shekaru bayan haka, a shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata da yawa bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin nan na jego. Kun ga ke nan, abin da tsohuwa ta faɗa a tsakar gida shi likita ya zo ya tarar a gadon asibiti. Ba wanda zai gyara al'ada sai ya fara saninta.

A nan ne nake so mu leƙa ƙasashen arewacin Turai, waɗanda ake yawan buga misali da su wajen kula da jama'a. Mutane na cewa kuɗi ne kawai. Kuɗi na ciki, amma kafin kuɗin akwai ƙidaya da tambaya. Suwidin ta fara tattara alƙaluman haihuwa da mutuwa na ƙasa baki ɗaya tun 1749. Danmak ta kafa dokar tallafin tsofaffi a 1891, Suwidin ta kawo fanshon da ya shafi kusan kowa a 1913, lokacin da talakawanta ke ta ƙaura zuwa Amurka saboda talauci. A 1934 Alva Myrdal da mijinta Gunnar suka wallafa littafi kan raguwar haihuwa a ƙasar, suka nuna cewa tsadar raino da matsin gidaje ne ke hana iyali haihuwa. Muhawarar da ta biyo baya na cikin abin da ya kai ga kuɗin tallafin yara ga kowane gida a 1948. A 1968 suka fara wani bincike inda ake bin dubban mutane ana tambayarsu lafiyarsu, aikinsu, gidansu da abin da ke shiga aljihunsu, ana maimaitawa bayan wasu shekaru. A Norwe akwai cibiyar NOVA a birnin Oslo, aikinta ke nan: yara, matasa, tsofaffi. Har 'yan makaranta suna tambaya ko suna da aboki, ko suna barci, ko suna cikin damuwa. Su ma fa suna da nasu ciwon, don kaɗaicin tsofaffi na cikin abin da suke ta nazari a kai. Bambancin shi ne, sun san girman ciwon nasu.

Mu fa? A nan Madekali da kewaye, Dandawa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa, har yanzu igiyoyin da Baba ta lissafa su ke riƙe da tsofaffinmu. Fanshon CNSS na ma'aikacin albashi ne, manomin shinkafa da mai albasa da masunci ba su cikin lissafi. Gwamnati ta kawo shirin ARCH don lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, abin a yaba ne, amma katin asibiti ba ya ɗebo wa tsohuwa ruwa, ba ya hura mata wuta. Igiyoyin kuma suna ta saki. Samari sun tafi Kwatano da Parakou da Legas neman na kansu. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya ja baya, ziyarar dangi ta tsallaken kogi ta zama sai da kwalekwale da ƙarin kuɗi. Ga ambaliyar Kwara da ke cinye gonaki. Idan aljihun ɗa ya bushe, tukunyar uwa ce ke fara sanyi. Wadda ba ta da ɗa kuwa fa? Riƙon ma yanzu mutane na ɗari-ɗari da shi, kowa na cewa nasa sun ishe shi.

Ni a ganina darasin rayuwar Baba biyu ne. Na farko, mutum ba ya tsufa da abin da ya haifa kaɗai, yana tsufa da abin da ya shuka a cikin mutane. Na biyu, abin da ba a tambaya ba, ba a rubuta ba, hukuma ba ta ganin sa. Mary Smith ba ta zo da mota cike da takardun tambayoyi ba. Tabarma ta samu, da alƙalami, da haƙurin sauraro na 'yan makonni, ga shi fiye da shekara 70 ana cin moriya.

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu da ke Jami'ar Parakou, da Abdou Moumouni ta Yamai, da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato: in za ku rubuta kundin kammala karatu, ku dawo gida. Ku shiga unguwa ku ƙirga tsofaffin da ke kwana su kaɗai, ku tambayi wa ke ciyar da su, wa ke sayen magani, sau nawa suke ci a yini. Ku zauna gaban iya da inna da wayar nan da ke hannunku ku naɗi muryarsu, da izininsu. Sannan ku kai wa magajin gari da masu unguwanni da limamai sakamakon, don zakka da tallafi su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wannan karon bai kamata mu jira baƙo ya zo ya yi mana ba.

Allah Ya jiƙan Baba ta Karo, Ya ba mu ikon riƙe tsofaffinmu.