Labarin Barde Jems Duglas, Mai Riƙon Amana

A ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani rafi da a ke ce da shi Duglas, watau baƙin ruwa a harshen mutanen wurin. Daga rafin nan zuriyar Duglas ta sami sunanta. Kakansu na fari da aka sani, Wiliyam, ya yi zamani wajen ƙarshen ƙarni na 12. Daga tsatsonsa aka sami wani Wiliyam, wanda a ke yi wa laƙabi da Mai Ƙarfin Hali. Shi ne ya auri Alisabatu, 'yar gidan Situwat, ta haifa masa Jems wajen shekara ta 1286.

A kwanakin nan Edwad na Ɗaya, Sarkin Ingila, ya ɗora wa Sikotlan hannu. Uban Jems ya ƙi yarda, ya bi Wiliyam Walas ga yaƙi, aka kama shi, ya mutu cikin kurkuku a Landan wajen 1298. Yaron kuwa an kai shi Faris domin ya tsira. Da ya komo, sai Lambaton, Bishof na San Andurus, ya karɓe shi a gidansa, ya kai shi gaban Edwad, ya roƙa a mayar masa da gadonsa. Sarki ya ƙi, gama ya riga ya ba wani Baturen Ingila, Kilifod, ƙasar.

A 1306 Jems ya yi mubaya'a ga Robat Burus, sa'ad da ya ke kan hanya za a naɗa shi sarkin Sikotlan. Ba a jima ba aka ci su da yaƙi a Metban, sarki ya zama ɗan gudun hijira cikin duwatsu da tsibirai. Da yawa suka watse, amma Jems bai rabu da shi ba. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa, sarki kuwa ya amince da shi ƙwarai.

Kada a ɓoye muku, mutumin yaƙi ne mai zafin hannu. Ran Lahadin Dabino ya auka wa dakarun Ingila suna cikin sujada a majami'ar garinsu, ya karkashe su, ya ƙone gidan ubansa domin kada abokan gaba su zauna ciki. Wannan ba abin koyi ba ne. A 1314 ya ci ganuwar Rokisbara da dare, ya kuma tsaya tare da sarki a Banokban, inda aka kori Ingilishi. Su ne suka sa masa suna Baƙin Duglas, mutanensa kuwa suna ce da shi Jems Nagari.

Sarki Robat ya yi wa'adi zai tafi Ƙasa Mai Tsarki, amma ciwo ya hana shi. Da ajalinsa ya yi kusa a 1329, ya yi wasiyya a ɗauki zuciyarsa a cika wa'adin. Jems ya sa ta cikin ɗan akwatin azurfa, ya rataya a wuya, ya bar gida da dukiya. Ya bi ta Andalus, ya tarar Alfonso na 11, Sarkin Kastil, yana yaƙi da Garnada, ya shiga rundunarsa. A can, wajen garin Teba, aka kashe shi cikin watan Agusta 1330. Abokan tafiyarsa suka komo da zuciyar, aka binne ta a Melros, ƙasusuwansa kuwa a majami'ar Duglas. Tun daga nan zuriyarsa suka sa hoton zuciya a garkuwarsu.

Ya ku 'yan'uwa, ku lura. Wanda ya ba shi amanar ya riga ya mutu, ba mai tambayarsa, ba lada da zai karɓa daga hannunsa, duk da haka ya tashi. Wanda aka ba shi ajiya, ko saƙo, ko riƙon maraya, ya riƙe haka nan, ko da idon mai shi ba ya gani.