Frederick Banting, likitan da ya sayar da insulin kan dala 1

An haifi Frederick Banting ranar 14 ga watan Nuwamban 1891 a wata gona kusa da Alliston, a lardin Ontario na ƙasar Kanada.

Ya kammala karatun likita a Jami'ar Toronto a 1916, ya kuma yi aikin likitan soja a yaƙin duniya na ɗaya, inda aka raunata shi a Faransa.

A wancan zamani yaron da ya kamu da ciwon sukari mai tsanani ba ya daɗewa a duniya. Abin da likitoci ke iyawa kawai shi ne ƙayyade masa abinci har ya rame.

A 1921 Farfesa John Macleod ya ba Banting ɗakin bincike a jami'ar, da karnukan gwaji, da wani ɗalibi, Charles Best. Su biyun suka tatso insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, daga jikin dabbobi, James Collip kuma ya tace shi.

A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya kuma farfaɗo.

Sai dai jami'ar ta kasa haɗa maganin da zai wadaci masu neman sa. Wannan ya sa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka.

A 1923 Banting da Best da Collip suka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin kan dala ɗaya kowannensu, domin kada wani ya kame shi shi kaɗai. Jami'ar ce ta riƙa ba kamfanoni lasisi, tana kuma sa ido kan ingancin abin da suke haɗawa.

Cikin waɗanda suka samu izinin har da Farfesa August Krogh na Denmark, wanda matarsa ke fama da ciwon. Ƙaramin kamfanin da ya kafa tare da likita Hans Christian Hagedorn a 1923 shi ne tushen Novo Nordisk.

Banting mutum ne mai zafin rai. Da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1923 tare da Macleod, ya fusata da aka tsallake Best, sai ya raba kuɗinsa biyu ya ba shi rabi.

Ya mutu a watan Fabrairun 1941 sakamakon haɗarin jirgin sama a Newfoundland, yana da shekara 49. A ranar haihuwarsa ce ake bikin ranar ciwon sukari ta duniya.