Ɗan Maraya Jos, mawaƙin da ya yi wa karen mota waƙa

A shagunan teloli da wuraren masu suya na nan Briketeri har yau akan ji muryarsa, amma idan na tambayi ɗalibaina wane ne Adamu Wayya, sai su yi shiru. Shi ne Ɗan Maraya Jos. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Allah ya jiƙansa.

Sunan nan ba laƙabin ado ba ne. Mahaifinsa, makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru, ya rasu yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin ne ya riƙe shi. Da ya tasa, ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, a can ya ga kuntigi: ɗan gwangwanin kifi da aka rufa wa fata, sanda guda, tsirkiya guda. Da wannan ɗan abin ya yi shekaru yana waƙa, shi kaɗai, ba ’yan amshi, ba ganguna.

Abin da ya sa nake ganin labarinsa namu ne shi ne, bai taso a Kano ko Katsina ba. Ya taso ne a garin haƙar kuza, inda Bahaushe ke zaune cikin ƙabilu da yawa, kamar yadda muke zaune a Yawunde. Kuma ga shi ɗan makaɗin fada, hanyar yabon sarakuna a buɗe take gare shi. Ya yabi manya, ba a ce bai yi ba, ya kuma yi wa sojojin Najeriya waƙa lokacin yaƙin basasa. Amma waƙar da ta fi fito da shi ita ce ta Karen Mota, yaron nan mai ɗora kaya, mai sa wa taya waigi, wanda yake kwana a tasha, direba ya zage shi, fasinja ya raina shi. Wa ya taɓa tunanin wannan ma ya cancanci kirari? Duk wanda ya san yaran da ke aiki a tashoshin motocin Arewa ya san mutumin da ake nufi.

Sai waƙoƙinsa na zaman iyali: Jawabin Aure, Auren Dole, Gulma Wuya. Yakan ɗauki muryar miji, ya koma ta mata, ya shigo da ta magulmaciya, kamar wasan kwaikwayo a bakin mutum ɗaya. Ta Auren Dole ce ta fi tsaya mini a rai. Ina koyarwa, na ga kujerun ’yan mata da suka zama wayam a tsakiyar shekara. Shi kuwa ya faɗa wa iyaye maganar ƙiri-ƙiri tun zamanin da faɗinta ke da nauyi, suka ji, suka yi dariya, suka kuma sayi kaset ɗin.

Ya samu lambar girma ta ƙasa, Jami’ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya yi wasa a ƙasashen waje. Duk da haka bai bar Jos ba, ko bayan rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya suka raba unguwanni. Mutanen garin suna yi masa shaidar riƙon marayu da taimakon mabuƙata, kuma Musulmi da Kirista duk sun yi jimamin rashinsa.