Oumarou Ganda: Ɗan dakon tashar jiragen ruwan Abijan da ya fara cin babbar kyautar fim ta Afirka

Da zarar an gama girbi an kai dammunan gero rumbu, matasan Kurni da Matamaye da sauran garuruwan gundumar Kance a jihar Damagaram sukan fara haɗa 'yan komatsansu. Wasu su tsallaka ta Ɗan Barto su nufi Daura da Kano, wasu su zarce Legas ko Abijan, wasu kuma su yi arewa ta Agadas. Kuɗi ake fita nema. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin 'yan ci-rani ya san birni kan cusa wa matashi abin da bai fito nema ba. Wannan ya dawo yana rera waƙa, wancan yana haɗa bidiyo a waya, wani kuma ya laƙaba wa kansa sunan jarumin fim har a manta da sunansa na yanka.

Kusan shekara 70 da suka wuce an yi wani ɗan Nijar da ya bi irin wannan hanya zuwa Abijan, ya ɗauki buhu a ka, ya ari sunan wani jarumin fina-finan Amurka. Shi ne daga baya ya zama mutum na farko da ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO. Sunansa Oumarou Ganda.

An haife shi a Yamai a 1935, kuma Bazabarme ne. Ya yi firamare a birnin, karatun bai yi nisa ba. A 1951, yana da shekara 16, ya shiga sojan Faransa, aka tura shi Indochina, yankin da a yau ya ƙunshi Biyetnam da Laos da Kambodiya, inda Faransa ke gwabza yaƙi da dakarun Ho Chi Minh masu neman 'yanci. Shekara biyu ya yi a can. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a watan Mayun 1954, shi kuma ya ajiye kaki a 1955. Ya dawo gida yana da shekara 20, ya ga yaƙi da idonsa, amma Yamai ba ta da aikin da za ta ba shi.

Sai ya yi abin da dubban 'yan Nijar ke yi a lokacin, ya gangara bakin teku.

Abijan tana tashe a shekarun nan. An buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, wanda ya ba manyan jirage damar shigowa daga teku, shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa. Koko da kofi da katako na fita, kaya na shigowa, kuma dukkansu sai da ƙarfin ɗan Adam. Leburori suka yi ta kwararowa daga Nijar da ƙasashen da yanzu ake kira Burkina Faso da Mali. Turawa da manyan ofisoshi suna unguwar Plateau. Baƙi talakawa kuwa suna Treichville, a ɗaya gefen ruwa. Nan Ganda ya sauka, yana fita da sassafe neman dako, ranar da aka ɗauke shi ya ci, ranar da ba a ɗauka ba ya haƙura.

Sai dai Treichville, duk da talaucinta, unguwa ce mai rai. Akwai gidajen sinima masu nuna fina-finan kaboyi da na 'yan daba daga Amurka da Faransa. Akwai wuraren koyon damben boksin, da gidajen rawa, da ƙungiyoyin matasa na kiɗan gumbe masu shirya gasar rawa a ƙarshen mako. Matashin da ya wuni yana sauke buhu zai wanke jiki ranar Asabar, ya sa rigarsa ta fita kunya, ya zama wani mutum daban. Ganda ya zama Edward G. Robinson, sunan Ba'amurken da ya yi suna wajen fitowa a matsayin ɗan daba. Wani abokinsa ya zama Eddie Constantine, wani direban tasi ya zama Tarzan.

A wannan yanayi ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch yana binciken 'yan Nijar masu ci-rani a Kwaddibuwa, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara masa bayanai a tsakanin 'yan uwansa baƙi. Daga nan ya sa shi a wani gajeren fim a 1957, sannan ya ba shi jagorancin fim ɗin da ya sauya rayuwarsa, Moi, un Noir, wato Ni, Baƙar Fata, wanda ya fito a 1958.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin lura. Kyamarar da Rouch ke riƙewa a hannu ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Don haka aka bi Ganda da abokansa ana ɗaukarsu a bakin aiki da titi da wurin rawa, babu rubutaccen labari. Bayan an haɗa hotunan, aka zaunar da Ganda a gabansu, ya riƙa kallon kansa yana magana. Abin da ya fito daga bakinsa ya fi ƙarfin bayanin hoto. Yana ƙorafin ƙarancin lada, yana kwatanta kansa da masu motoci, yana mafarkin zama zakaran boksin na duniya irin Sugar Ray Robinson, yana mafarkin gida da mace. Daga Asabar zuwa Litinin mai kallo zai ga ya yi rawa, ya sha, ya yi faɗa da wani Bature ɗan Italiya a kan budurwa, ya sha duka. A ƙarshe yana tafiya a bakin ruwa da wani ƙaramin abokinsa, yana kwaikwayon yadda ake harbi da faɗuwa a Indochina.

Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa aika hoto gida sanye da kaya masu kyau, alhali cikinsa babu komai, zai gane mutumin nan.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin yake rubuta sharhin fina-finai kafin ya zama babban darakta, ya yaba masa matuƙa, kuma masana tarihin sinima na lissafa shi cikin ayyukan da suka share wa sabon salon fim na Faransa hanya. Amma suna da kyauta na Rouch ne. Rayuwa da murya da kalmomi na Ganda ne, hannun da ke riƙe da kyamara da almakashin da ke yanke hoto na wani ne. Ganda ya nuna daga baya cewa bai gamsu da dukkan yadda aka fito da shi ba. Ba shi kaɗai ke da wannan ƙorafi ba, domin Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa zargin Rouch a gabansa da kallon 'yan Afirka tamkar ƙwarin da ake nazari.

A yi wa Rouch adalci, shi ya buɗe ƙofar, kuma su biyun sun ci gaba da aiki tare har Ganda ya fito a fim ɗinsa Babatu a 1976. Sai dai a tuna cewa tun 1934 akwai dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka sai da izinin hukuma. Shi ya sa ɗaliban Afirka da suka yi Afrique sur Seine a 1955 suka ɗauke shi a Paris. A irin wannan zamani, Bature ne kusan kullum ke bayan kyamara.

Bayan 'yan shekaru Ganda ya koma Yamai, wadda a lokacin samun 'yancin kai a 1960 mazaunanta ba su wuce kimanin 30,000 ba. Ya samu aikin mataimakin ma'aikacin na'urori a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda akwai ƙungiyar masu sha'awar sinima da ke koya wa matasa ɗaukar hoto da haɗawa da sauti. Tsohon soja, tsohon ɗan dako, wanda fuskarsa ta zagaya gidajen sinimar Paris, ya zauna ya koyi sana'ar daga tushe. Cibiyar ce daga baya aka sa wa sunan Jean Rouch, a 2024 kuma hukumomin Nijar suka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, abokin tafiyar Ganda a harkar.

A 1968 aka shirya gasar rubuta labarin fim, Ganda ya shiga da labarinsa na yaƙi. Daga nan aka samu Cabascabo, fim na minti 45 a baƙi da fari, cikin harshen Zabarmanci. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito jarumi. Labarin wani tsohon sojan Indochina ne da ya dawo gida da kuɗi a aljihu. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, yana rabo ana masa kirari. Da kuɗin suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aikin lebura ya sha wulaƙanci, daga ƙarshe ya bar birni ya nufi karkara.

A nan ne bambancin yake. Mutum ɗaya ne, yaƙi ɗaya ne, amma a fim ɗin Rouch yaƙin ya zo ne a 'yan mintoci na ƙarshe. Da Ganda ya karɓi kyamara sai ya mai da hankali kan abin da ke jiran mai dawowa, wato idon jama'a, da kunyar a ce ka dawo hannu rabbana, da yadda 'yan uwa da abokai ke cinye gumin shekaru cikin 'yan watanni. Wannan ɓangaren na gida ne kaɗai ya san zafinsa. An nuna Cabascabo a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma samu lambar yabo a bikin Mosko a shekarar.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame na 1970, ya taɓo inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Kalmar wazzou ita ce wa'azi a bakin Zabarmawa. Wani mai hali ne ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya ƙyalla ido a kan wata yarinya Satou wadda aka riga aka yi wa wani saurayi Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi aiki, Garba ya yi fushi ya tafi birni. Matar Alhaji ta biyu ta ƙudiri aniyar kashe amarya, sai ta kuskure ta hallaka ɗaya daga cikin ƙawayenta. A 1972, lokacin da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara bayar da kyautar Ingarman Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Har yau babu wani ɗan Nijar da ya sake cin ta.

Bai sassauta ba. Saïtane na 1972, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu ne da ke yi wa wani attajiri kawalcin matar aure. L'Exilé na 1980 kuwa tatsuniya ce a kan cika alkawari ko da za a rasa rai, wadda ya sa a bakin wani tsohon jakada mai gudun hijira a Turai.

Kada a ɗauka kyaututtukan sun zo da daula. A shekarun nan sai an aika fim Faransa a wanke shi. Gidajen sinima na ƙasashen rainon Faransa kuma suna hannun kamfanonin COMACICO da SECMA, waɗanda suka fi son fina-finan Amurka da Indiya masu arha da jan kasuwa. Fim ɗin ɗan ƙasa zai iya cin kyauta a Mosko amma ya rasa allon da zai hau a garinsu. 'Yan wasan ma sun ɗanɗana. Zalika Souley, wadda ta fito a manyan fina-finan Ganda, ta sha zagi da tsangwama saboda mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwaya. Ta tsufa cikin rashi, har ta kai ga yin aikatau a ƙasar waje. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, Zalika kuma ta rasu a Yamai a 2021.

Ganda bai ga tsufa ba. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45, yana tsakiyar shirin wani sabon fim. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, wadda matasan birnin suka fi sani da CCOG, inda ake casu da wasan kwaikwayo da gasar waƙa. FESPACO kuma ta ware kyauta mai sunansa, wadda ake bai wa daraktan da ya zo da dogon fim ɗinsa na farko.