TARIHIN MARIGAYI MOKHTAR DAHARI (1953-1991), GWARZON ƘWALLON MALESIYA

Tun da na zauna a Kuala Lumpur na lura cewa duk hirar ƙwallon da za a yi da dattijan ƙasar nan, sai sunan Mokhtar Dahari ya fito. Shi ya sa na ga ya dace in kawo mana taƙaitaccen tarihinsa, musamman saboda iyaye da malamai da ke cikinmu.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi Mokhtar ranar 13 ga Nuwamba, 1953 a unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur. Mahaifinsa direban babbar mota ne, kuma daga baya iyalin suka koma Kampung Pandan. Ya yi sakandare a Victoria Institution, tsohuwar makarantar da ke maƙwabtaka da filin wasa na Merdeka. A nan ne aka fara horar da shi a ƙungiyar makaranta. Yana ɗan shekara 18, a 1972, ya shiga ƙungiyar jihar Selangor, kuma a wannan shekarar aka kira shi ƙungiyar ƙasa.

ZAMANIN WASANSA

A lokacin ƙwallo ba sana'a ba ce a Malesiya. Mokhtar ma'aikaci ne, da farko a hukumar raya jihar Selangor, wato PKNS, daga bisani a bankin Kwong Yik. Sai ya tashi daga aiki sannan ya tafi atisaye. Duk da haka ya ci Kofin Malesiya sau 10 tare da Selangor. Ya samo wa ƙasarsa lambar tagulla a wasannin Asiya na Tehran a 1974, da zinare a wasannin Kudu maso Gabashin Asiya a 1977 da 1979. A 1975 shi ya ci duka ƙwallaye biyun da aka doke Arsenal da su a filin Merdeka, kuma a 1978 ya zura wa ƙungiyar Ingila ta biyu ƙwallon da aka tashi 1-1. Saboda gudunsa da ƙarfin harbinsa jama'a suka laƙaba masa suna Supermokh.

A 2021 hukumar FIFA ta amince cewa ya ci wa ƙasarsa ƙwallaye 89 a wasanni 142. A wancan lokacin Cristiano Ronaldo da Ali Daei na Iran ne kaɗai ke gabansa. Domin mu gane girman wannan adadi, marigayi Rashidi Yekini, wanda ya fara tashe a UNTL ta Kaduna, 37 ya ci wa Nijeriya.

HORAR DA NA BAYA

Ya yi ritaya a 1986, ya dawo ya ƙara kaka ɗaya a 1987, sannan ya koma horar da 'yan wasa, ciki har da yara masu tasowa da ƙungiyar bankin da yake wa aiki. A ganina wannan ne babban darasin rayuwarsa: makaranta ce ta gano shi, shi kuma ya mayar da biki. A Amurka, inda ake wasan ƙwallon da ake runguma a hannu, manyan makarantun sakandare kan ware wa kowane sashe na 'yan wasa mai horarwarsa, har da masu tsaron da ke tsayawa bayan sahun gaba, domin sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuwa a gida, makarantu da yawa sun yanka filayensu an yi shaguna, malamin wasanni kuma an mayar da shi ɗan rakiya. Ina yaro mai baiwa zai samu wanda zai gyara masa ƙafa?

RASUWARSA

Aikin horarwar bai yi tsawo ba. Ciwon da ke kashe jijiyoyin motsi ya kama shi, har aka kai shi Landan neman magani. Ya rasu ranar 11 ga Yuli, 1991 a Subang Jaya yana da shekara 37, aka yi masa sutura a maƙabartar Taman Keramat. A 2014 aka buɗe makarantar horar da yara ƙwallo mai ɗauke da sunansa a Gambang, jihar Pahang, inda ake haɗa karatu da atisaye.

Ina kira ga 'yan uwa, duk wanda ya koma gida hutu ya leƙa tsohuwar makarantarsa, ya tambayi halin da filin wasa da malaminsa ke ciki. Allah Ya jiƙan Mokhtar, Ya sa ya huta, amin.